Ka Cire Tabarau Kafin Ka Shiga Kurmi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Daga mahaifinka, Garba Maharbi na Durba, zuwa ga ɗana Habibu, a gidan kawunka da ke Rano.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ko da yake kai ya kamata ka fara gaishe ni. Ina fata ka kwana lafiya, kawunka da iyalinsa suna lafiya. Allah ya tsare ka a mota, ya tsare ka a daji, ya tsare ka daga bindigar wani da taka. Innarka tana gaishe ka. Ni kuwa tun ranar da ka bar gida ba ta amsa mini magana sai da "to", tuwon ma ajiyewa take yi ta juya.

Ka san ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba aka ba ni baka da kwari. Maƙwabcinmu Malam Isiyaku, tsohon malamin firamare, shi yake rubuta wannan. Na ce masa ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara mini baki.

An ce mini motarku ta kusa tashi, kai da Umaru ɗan abokina Buba na Madachi, za ku bi maharba zuwa dazukan Taraba ku yi rani a can. An kuma ce ka rantse ba za ka zo sallama ba, saboda abin da na yi maka ranar kasuwar Kibiya. Na fizge baƙin tabarau daga fuskarka a bakin tasha, na taka shi a gaban abokanka. Na yi, ban musa ba. Kada ka ɗauka haƙuri na aiko in ba ka. Labari na aiko maka. Kana ƙarami abin ya faru, kuma abin da ka ji daga baya a bakin mutane dariyarsa ka ji, ba ka ji shi kansa ba.

A shekarun da soja suka koma bariki, aka kuma ƙaddamar da Shari'a, yanar ido ta rufe mini idon dama. Idon da nake saiti da shi ke nan. Sai in ga akuya kamar tulin wanki. Ana cikin haka wani ɗan takara ya kawo likitocin ido Rano, aka ce aiki kyauta. Buba ne ya ɗauke ni a bayan kekensa, ina zage-zage har muka isa. Wata likita 'yar siririya, Hausarta a karye, ita ta yi mini aikin. Ban san sunanta ba, amma har yau ba na idar da sallar asuba ban sa ta a addu'a ba. Shi kuwa ɗan takarar, hotonsa ya sa aka manna a bangon da ke fuskantar gadajenmu. Na daɗe ina roƙon Allah ya buɗe mini ido, da aka kwance bandeji, haƙoransa na fara gani. Ban zaɓe shi ba, kuma ko yau ya dawo ba zan zaɓe shi ba. Amma ido ya buɗe, alhamdu lillahi.

Likitar ta ba ni wani baƙin tabarau mai kauri, mummuna, mai rufe har gefen fuska. Ta ce, "Baba, rana, ka sa. Hayaƙi, babu. Farauta, babu, sai ido ya warke."

Na sa shi daga Rano zuwa Durba. Ina sauka a ƙofar masallaci wani ya ce, "Inna lillahi, an ƙarasa idon Garba! A samo masa sanda." Aka kwashe da dariya. Ina shiga gida na cilla shi ƙarƙashin gado. Ido bai gama warkewa ba na saɓi bindiga na bi 'yan uwa kudu.

Da hantsi muka ga gwanki a wani fako, shi kaɗai, ƙato. Iska daga gabas take, don haka dole mu fuskanci gabas, kada ta kai masa warinmu. Rana kuwa tana nan daidai tsakanin ƙahonninsa. Na ɗaga bindiga, rana ta kashe mini ido, hawaye ya cika shi. Maimakon in sauke in bar wa Buba, sai na danna kunama a kan abin da nake zato. Gwanki ya yi tafiyarsa ko gudu bai yi sosai ba, hayaƙin albarushi da tartsatsi suka dawo mini cikin sabon ido. Tun ranar idon nan yake zubar da ruwa, rani da damina.

To ka ji. Ni ban ce tabarau haramun ne ba, ban ce kuma kayan 'yan iska ne ba, ko da na faɗi haka a tasha cikin fushi. A fili, a kan dutse, a bayan a-kori-kura, ka sa abinka. In iska ta tilasta maka fuskantar rana, ka bi iska, ka bar tabarau ya yi maka faɗa da rana. Dabba tana yarda da hancinta fiye da idonta. In kuma ba ka ga abin da za ka harba sosai ba, ka sauke bindiga. Ba a harbin zato. Wanda ya yi maka dariya a ƙofar masallaci ba zai ara maka idonsa ba ranar da naka ya lalace. Wanda ya ce a samo mini sanda yana nan, idanunsa biyu garau, har yau ba na amsa masa gaisuwa da sakin fuska.

Na biyu kuwa, ga yadda aka yi. Da zaɓe ya sake zagayowa, 'yan siyasa suka gano maharba suna da amfani. Aka tara mu a Kibiya mu yi ta buga bindiga sama in babban baƙo ya iso. Aka raba mana huluna da tabarau, irin mai madubi, wanda in mutum ya dube ka fuskarsa yake gani. Irin naka sak. Na sa don wasa. Sai na ji maroƙa sun ɗauki kirarina da ƙarfi fiye da kullum, yara suna bina, har wata mai fura ta ce na koma saurayi. Kuma gaskiya idon ya ji sanyi, ruwan ya ragu. Ni kuwa haka Allah ya yi ni: in na ƙi abu na ƙi shi, in na kama na kama. Mutumin da ya cilla na likita ƙarƙashin gado, sai ga shi da na 'yan siyasa a gona, a kasuwa, a wajen jana'iza. Sai da liman ya tsaya yana kallona kafin ya ta da kabbara na fara cire shi a sahu.

Da rani muka tafi Taraba, inda za ku ɗin nan. Kwana da kwanaki duk dabbar da muka lallaɓa, tun daga nesa sai ta ɗaga kai ta zura. Buba ya ce, "Kaɗo, kai kake aika musu saƙo. Duk juyawar da ka yi, fuskarka walƙiya take yi kamar kwanon sha a shanya."

Na ce, "Ɗan Fillo, warin man shanun jikinka ne. Tun daga Madachi suke jinsa."

Ya ce, "To. Mu ci gaba da cin rogo."

Muka ci gaba da cin rogo kuwa. Ka riƙe wannan: duk abin da yake ƙyalli ka bar shi a masauki. Agogo, zobe, maɓallin riga mai haske. Bakin bindiga ma in sabo ne ka shafa masa laka. Kuma in abokin tafiyarka ya gaya maka aibinka a daji, ka saurara kafin ka nemo nasa. Ni na iya mayar da magana, duk Durba an sani. Ban taɓa ganin ta cika tukunya ba.

Yanzu ga wanda na aiko dominsa. Malam Isiyaku, ka gyara zama.

A tafiyar nan ne wani daga cikinmu ya harbi ɓauna da safe, bai kashe ta ba. Ta shige kurmi da rauni. Ba ka taɓa ganin ɓauna da ranta ba, Habibu, ƙahon da ke rataye a zaurenmu kawai ka sani. Ɓauna mai rauni ba gudu take yi ba. Takan yi gaba kaɗan, ta zagayo, ta tsaya a inuwa kusa da sawunta, tana jiran wanda zai biyo. Ba a barinta haka, don mata masu ɗiban ruwa suna bin wajen. Sarkin Baka na wancan lokaci, shugabanmu na maharba, ya dubi jama'a ya ce, "Garba da Buba."

Ga yadda ake bin ta, yadda ubana ya koya mini, yadda za a koya muku. Mutum biyu ne. Ɗaya yana gaba a sunkuye, idonsa a ƙasa, yana karanta sawu da jini. Ɗaya yana gefensa a baya kaɗan, bindiga a ɗane, idonsa a gaba, ba ruwansa da ƙasa. Ba a magana. Ba a fito. Ba a nuni da hannu, don motsin hannu shi yake taso ta. Na gaban yakan ɗan taka, ya waiwayo ya dubi fuskar na baya. In hanya lafiya, na baya ya ƙifta masa ido. In ya ga wani abu, sai ya kafe idonsa a wajen, ya ƙi ƙiftawa. Shi ke nan. Na gaba ya san inda take, ya san inda zai faɗa. Ran mutum yana cikin ƙwayar idon abokinsa. Ni da Buba mun yi haka tun ba mu da gemu. Shi ne mai ƙasa, ni ne na baya mai duban gaba.

A bakin kurmi ya dube ni ya ce a hankali, "Cire abin nan."

Na ce, "Idona zai yi ruwa."

Ya wuce gaba. Ya san ni.

Rana tana tsaka a waje, amma cikin kurmi kamar bayan magariba, ni kuma na ƙara wa kaina wata magaribar a fuska. Kututture baƙi, inuwa baƙa, ganye baƙi. Daga baya an ce jini yana nan ja a kan ganye daidai ƙugu, yana nuna ta juya dama. Ni ban ga ja ba ko ɗigo. Muka yi ta shiga. Can sai na ga wani abu a dama, bayan wata kanya, kamar suri. Na tsaya ina tantama. Suri ya kaɗa kunne.

Na yi abin da na saba. Na kafe ido a kanta, na ƙi ƙiftawa. A raina ina cewa, Buba ga ta, Buba ga ta. Ya waiwayo ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sai ya juya ya ƙara taku.

Ta fito. Ban san yadda zan gaya maka ƙarar ba, ƙasa ce ta motsa. Na harba, na same ta a kafaɗa, ko gezau. Ta ɗauki Buba a cinya ta watsar da shi cikin sarƙaƙiya, ta juyo kaina. Bindigarmu ka san ta, ƙirar gida, in ka harba sai ka sake ɗurawa. Ina tsaye da itace a hannu. Na fara kalmar shahada. Sai na ji harbi daga ƙasa. Buba ne, a kwance cikin jininsa, bai saki bindigarsa ba. Ya same ta a bayan kunne. Ta durƙusa kusa da ni, har numfashinta ya taɓa mini ƙafa. Na zaro wuƙa na yi bisimilla na yanka, don ko a wannan hali ba a barin nama ya zama mushe, sannan na ruga wajensa.

Na yage rigata na ɗaure cinyar. Ina ɗaurewa ina cewa, "Na nuna maka! Wallahi na nuna maka!"

Ya ce, "Kaɗo, na nemi idonka. Fuskata na gani, guda biyu, duk sun tsorata."

Na goya shi. Muna tafe yana nishi, sai ya ce, "Sauke ni." Na sauke shi, na zaci wasiyya zai yi. Ya ce, "Cire abin nan in ga ko kuka kake."

Na cire. Ya duba ya ce, "Kuka kake."

Na ce, "Idon aiki ne, ka san yana ruwa."

Ya ce, "Duka biyun aka yi wa aikin?"

A nan na bar tabarau ɗin, a gindin wata bishiya. Ina jin yana can har yanzu, birai suna duba fuskarsu.

Buba ya rayu, Allah ya yi da sauran kwanansa. Amma ɗingishin da ka tashi ka gan shi da shi, wannan ne. Bai ƙara bin sawu ba, shanunsa ma sai 'ya'yansa suke kai su kiwo. Ni kuwa aka laƙaba mini Garba Mai Madubi. Da Sarkin Baka ya rasu, kowa ya san wa ya cancanta, amma aka ce wai mai madubi ba zai ja jama'a daji ba, aka naɗa wanda bai taɓa harbin abin da ya fi zomo ba. Wannan ban yafe ba, kuma Malam Isiyaku ya daina girgiza kai ya rubuta. Shi ma Buba ina da ƙorafi a kansa. Ba sunan da za a yi a Madachi bai ba da labarin nan ba, kuma kullum ƙara masa gishiri yake. Bara na ji wai har na tsaya gyara hula a madubin idona kafin in harba. Ƙarya ce.

Amma ka saurara. Shekara da shekaru mutumin nan yana ba da labarin a yi dariya, bai taɓa ba da shi a yi tsaki ba. Da ya so, da ya mai da ni abin nuni a ƙasar nan. Sai ya mai da shi abin wasa, don in iya shiga mutane. Ban gane haka da wuri ba. Duk kaka sai ya aiko wa innarka da man shanu. Ranar sunanka ba ya nan, amma ranar saukar karatunka da sanda ya tako.

Da maganar tafiyarku ta taso, na ji 'yan uwansa sun ce kada ya yarda Umaru ya shiga daji da ɗan Mai Madubi. Suna da gaskiyarsu. Sai ga Buba a ƙofar gidana, ya sauko daga bayan ɗan acaɓa da ƙyar, yana jan ƙafa. Ko ruwa bai sha ba ya ce, "Kaɗo, Umaru mai ƙasa ne kamar ubansa. Ɗanka nake so ya tsaya masa a baya."

Na ce, "Ka rasa wanda za ka zaɓa duk ƙasar Rano?"

Ya ce, "Kowane gida ana iya yin kuskuren nan. Naka ne kaɗai na tabbata an riga an yi an gama."

Na ce a kawo masa fura.

Ba a yi mako ba sai ga ka a tashar Kibiya, ka zo gaya mini ranar tafiya, abokanka suna kewaye da kai. Na ɗaga kai in dubi idon ɗana, wanda Buba ya damƙa wa ɗansa. Sai na ga wani tsoho mai furfura, guda biyu, suna kallona. Hannuna ya riga bakina. Da baki ya riga, da wannan labarin ka ji a ranar, da ba ka kwana a Rano ba. To, ban iya ba. Ga shi yanzu a takarda.

Sauran abubuwan manyan tafiyarku za su gaya muku. Ku nemi izinin ma'aikatan daji, kada ku tsallaka inda aka hana. Ku gai da mai garin da kuka sauka kafin ku gai da dajinsa. Kada ka harbi mai ɗa a gindinta. Ka yi bisimilla kafin ka danna kunama. Sallah kuwa, ko a kan dutse, ko da taimama.

Direban da zai ba ka wasiƙar nan zai ba ka wani ƙunshi. Tabarau ɗin likita ne. Ashe ranar da na cilla shi innarka ta tsince shi ta ɓoye a kwallarta, duk shekarun nan, ba ta gaya mini ba sai shekaranjiya, da ta dangwara mini shi kusa da kwanon tuwo ta juya. Allah ya saka mata. Mummuna ne, na sani, abokanka za su ce an ƙarasa idonka. Ka bar su. Ba ya ƙyalli, yana kuma tare tartsatsi ta gefe. Na kai wa baduku ya ɗaura masa igiyar fata, na tsaya a kansa har ya gama, na ja da ƙarfina ba ta tsinke ba. A fili ka sa shi. Da ka iso bakin kurmi, ka sauke shi ya faɗa ƙirjinka, ka tsaya gwargwadon karanta Fatiha har idonka ya saba da inuwa, sannan ka shiga. Duk lokacin da Umaru ya waiwayo, ya tarar da idonka a buɗe yana jiransa.

Ba na son nama. Ba na son ƙaho, akwai ɗaya a zaure ya ishe ni kallo. Ka dawo mini da Umaru yana tafiya da ƙafafunsa biyu daidai, ka kai shi har ƙofar Buba, sannan ka zo gida. In ka yi haka ka biya mini abin da ban iya biya ba, ko ba ka ƙara yi mini magana ba na gode.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. Allah ya rufe idon mugun abu daga kanku, ya buɗe naku a kansa. Allah ya yi maka albarka, Habibu, albarkar da ba ta da sauran fushi a cikinta. Amin.

Mahaifinka,
Garba Maharbi, Durba.

Ƙari: an ce motarku za ta bi ta Kibiya ta ɗauki sauran jama'a. Ina da abin yi a tasha ranar, ba don kai ba. In ka ga dama ka leƙo. Malam Isiyaku ya ajiye alƙalami yana miƙo mini hankici. Na ce masa ya rubuta cewa idon aiki ne. Ya ce duka biyun? Na ce ya rufe takarda.